Muryar Abu Dagga

Ranar Alhamis bayan sallar La'asar aka gano satar da aka yi a gidan Baba Bakri da ke unguwar Aƙiƙ. Injiniya Zubair yana neman takalmansa a ƙofar masallaci sai Abdulazeez, autan gidan, ya riƙo hannunsa, fuska a murtuke, ya kira shi injiniya da Larabci.

"Ya muhandis, zo ka gani da idonka. An cuce mu."

Zubair Bakano ne, aikinsa gyaran na'urorin wani asibiti a nan Madina, gidansa kuma yana kallon na Baba Bakri. Ya sha shayi a majalisin gidan, wato ɗakin baƙi, ba adadi, saboda haka tun kafin a nuna masa ya san inda zai duba. Can a kusurwa injin yake tsaye: akwatin katako mai tsayin mutum, fentinsa ya koɗe, da gilashi a gaba da madannai a ƙasansa.

Duk wanda ya san gidan ya san labarin injin. Baba Bakri jikan mahajjatan da suka tako a ƙasa daga ƙasar Hausa ne, a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, yana da ɗan shagon shayi da lemo, ya je Jidda sayayya ya tarar da samari sun yi cincirindo a kan wani akwati mai ƙara da aka kawo daga Japan. Ya nace har aka sayar masa da ɗaya na hannu, ya ɗauro shi a bayan mota ya kawo Madina. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin talabijin da mutum zai ba ta umarni ta bi. Hoton baƙi da fari ne, sai aka manna leda ja da koriya a kan gilashin don a samu launi. Wasu halittu ne suke saukowa sahu-sahu daga sama, mai wasa yana ƙasa yana harbinsu, injin kuma yana wani bugu mai nauyi kamar na zuciya, wanda yake ƙara sauri idan halittun suka ragu. Saboda bugun ne yaran unguwa suka sa masa suna Abu Dagga, wato Mai Bugu. Shago ya rufe tun tuni, amma tsohon bai yarda ya rabu da injin ba.

Yanzu murfin bayan yana jingine da bango. Zubair ya durƙusa ya haska fitilar wayarsa. Inda manyan fanel ɗin asali suke zaune babu komai sai gurbi. A madadinsu an ɗaure wani ƙaramin fanel sabo fil, bai wuce tafin hannu ba, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan lantarki, mai kwaikwayon tsofaffin wasanni.

"Yaya aka yi kuka gane?"

Abdulazeez yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, sai ransa ya ɓaci yake cakuɗa su. Ya ce wani mutumin Riyad mai tara tsofaffin injina ne ya zo ɗazu don ya saya. Ya nemi ganin ciki, mukullin kuwa ya ɓace shekaru da yawa, sai shi Abdulazeez ya sa sukuddireba ya ɓalle murfin. Mutumin ya leƙa sau ɗaya, ya ce akwati ba rai ba ya saye, ya shiga motarsa.

"Baba ya san za ka sayar?"

"Baba bai san ko yau wace rana ba ce, ya muhandis." Ya kau da kai. "Jibril ne. Halas, magana ta ƙare. Shi ya ji ina waya da mutumin a mota, jiya kuma na gan shi ya fita da kwali. Na karɓe mukullin motar. Yanzu zan kira shurɗa."

Jibril direban gidan ne, mutumin Maraɗi. Zubair ya san abin da kiran 'yan sandan nan zai jawo masa: tsarewa, sannan tarhil, a mayar da shi gida da sunan ɓarawo.

"Ka ba ni zuwa gobe bayan Juma'a. In ban samo komai ba, ni zan raka ka."

Abdulazeez ya ɗaga kafaɗa ya fita. Zubair ya koma kan injin. Ya bi gefen murfin da yatsa. Duk tabon da yake jikin katakon sabo ne, na sukuddireban ɗazu. Wanda ya riga shi buɗewa bai bar ko ƙarzuwa ba. Ya duba wayoyin. Ba a yanke ko ɗaya ba. An narka dalmar kowace an zare ta, an rufe bakinta, an haɗa sababbi a tsanake. An kuma tattara su an ɗaure da zare mai kakin zuma, ƙulli biyu da ɗan kunne a gefe. Ya ƙara cusa kansa ciki. Can sama, kusa da bayan gilashin, akwai tsofaffin ɗauri da zarensu ya yi ja saboda daɗewa. Su ma ƙulli biyu ne da ɗan kunne.

Ya kunna injin ya taɓa wasan. Halittun suna saukowa a hankali kamar masu jin barci. Ya bari suka kashe shi, aka ba shi wani rai. Ya sake bari, aka sake ba shi. Ya kashe injin ya daɗe a tsugune.

Ya sami Jibril a ɗan ɗakinsa na bakin gareji, zaune a kan katifa, ya zuba tagumi.

"Mene ne a kwalin jiya?"

"Dabino ne da jallabiya biyu da maganin ƙafa, na tsohuwata. Wani ɗan garinmu da ya zo Umara na ba. Ga lambarsa, yana masaukinsu har yanzu, a kira shi ya buɗe a gani."

"Ka taɓa taɓa injin?"

"Ni ko kwan fitila ya mutu sai na kira mutum, Injiniya. Ni nake ɗaukar Baba in sa shi a mota. Ni nake goge masa baki. Yau ni ne ɓarawo."

Zubair ya kira lambar a gabansa. Mutumin ya buɗe kwalin ya nuna ta waya: dabino, tufafi, magani.

Radiyya, babbar 'yar gidan, malamar makaranta ce, ita take jinyar mahaifinta tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, hankalinsa kuma ya fara gushewa. Ta tsaya a bakin ƙofar da ta haɗa majalisi da cikin gida ta amsa tambayoyinsa.

"Yaushe Baba ya yi wasa na ƙarshe?"

"Kullum bayan La'asar muke zaunar da shi a gabansa. Hannunsa na rawa, nan da nan ake cinye shi, wani lokaci har ya yi fushi ya bugi katakon. Amma ran Talata... ran Talata ya share halittun duka, abin da bai yi ba tun da ya kwanta. Na yi ta tafi. Shi kuwa sai ya fashe da kuka, yana cewa ba muryarsa ba ce, an canza masa. Na ɗauka ciwon ne. Tun ranar bai yarda ya sake zama ba."

"Ran Litinin fa?"

"Lafiya lau."

"To tsakanin La'asar ɗin Litinin da ta Talata ke nan. Aikin da na gani ba na minti biyar ba ne, mutum sai ya zauna ya baje kaya. Yaushe gidan ya zama ba kowa?"

"Talata da safe. Ranar gashin ƙashinsa ce. Ni da shi muka tafi asibiti, ba mu dawo ba sai bayan Azahar. Abdulazeez yana wurin aiki."

"Wa ya kai ku?"

Ta dafa ƙirji. "Jibril. Yana tare da mu, shi ya tura keken har ɗakin likita. Ya Allah."

"Ƙofar majalisin da ke waje, a kulle kuka bar ta?"

"Ba ma kulle ta da rana, saboda Ammu Ɗan'inna. In ya zo bai same mu ba ya zauna ya sha sanyi. Amma Ammu ai..." Ba ta ƙarasa ba.

Zubair ya san Ɗan'inna sama-sama: wani siririn tsoho mai farar hula da yake zuwa ya zauna kusa da Baba Bakri, ba ya yawan magana. Radiyya ta ce abokin mahaifinta ne tun suna samari, shi ya sa take ce masa Ammu, wato baffa, da can gyaran rediyo yake yi. Ta ce tun da ciwon ya zo Baba bai ƙara gane shi ba, yakan tambaye ta wane ne wannan baƙon.

"Ya san maganar sayarwa?"

"A gabansa Abdulazeez ya faɗa, makon jiya. Ammu ya ce a bari tukuna, Baba yana da rai. Abdulazeez ya ce masa maganar gida ce." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka yi masa a hankali, Injiniya. Shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, Baba yana Jidda."

Washegari da hantsi Zubair ya tuƙa zuwa unguwar Jurf. Ɗakin Ɗan'inna yana saman wani tsohon gini, ɗaki ɗaya da ɗan kicin. Ƙofar a buɗe take. Babu labule, babu katifa a kan gado, bango ya nuna gurbin abubuwan da aka sauke. Akwatuna biyu suna tsakiyar ɗaki a ɗaure da igiya, ƙulli biyu da ɗan kunne.

"Tafiya za a yi, Baba?"

"Tafiya, ɗana. Jibi, in Allah ya kai mu. Shigo, sai dai ba kujera."

Suka zauna a kan darduma. Tsohon ya ce a goye mahaifiyarsa ta shigo da shi ƙasar nan daga Damagaram. Ita ta rasu a nan, shi kuma takardar zama ɗan ƙasa ba ta taɓa samuwa ba. Duk rayuwarsa da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, yake zaune, shekara bayan shekara. Yanzu ƙarfi ya ƙare, ba mai ɗaukarsa aiki, iƙama ta ƙi sabuntuwa. Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyarsa can da ya ce ya zo.

"Ka taɓa zuwa?"

"A hoto na san garin."

Zubair ya ce, "Baba, na zo ne a kan Abu Dagga."

Tsohon ya dube shi, Zubair ya ci gaba.

"Bari in faɗi abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini. Murfin bayan ba shi da mukulli, amma an buɗe shi ba tabo. Wanda ya saba buɗe shi ne. Ɓarawo mai sauri yanka wayoyi zai yi da almakashi, wannan kuwa ya zare su ɗaya bayan ɗaya kamar yana tsoron ya ji musu ciwo. Abdulazeez ba zai yi ba, shi ya kira mai saye, shi ya yi asara. Jibril yana asibiti da su lokacin da aka yi. Ɗaurin sababbin wayoyin iri ɗaya ne da na tsofaffin da suka shekara arba'in a ciki, iri ɗaya ne da na akwatunan nan. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. An rage wa wasan gudu, an ƙara rayuka. Wanda ya zo don ya ci riba ba ruwansa da ko tsoho ya ci wasa ko an cinye shi. Wanda ya yi wannan ya gaji da ganin Baba Bakri yana bugun katako."

Ɗan'inna ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Ƙasan kusurwar hagu ake dannawa da gwiwa, a ɗaga. Ni na ɓatar da mukullin, tun Radiyya tana rarrafe."

Ya miƙe da ƙyar ya kwance ƙaramin akwatin. A tsakiyar tufafinsa, a naɗe cikin farin harami, fanel ɗin suke, manya, kore mai duhu.

"Dubi nan, kai ka san aiki. Wata uku da zuwan injin ya mutu. Duk Madina ba wanda ya taɓa ganin cikin irinsa. Takardar da ta zo da shi da rubutun Japan take. Bakri ya zo rumfata kamar zai yi kuka, ya ce ai rediyo da wannan duk wuta ce. Na kwance rediyon mutane na ciri kaya na gwada, har ya tashi. Daga nan ban sake komawa rumfa ba." Ya bi fanel ɗin da yatsa. "Wannan ni na sa. Wannan ma. Wannan layin da ya ƙone, da wayar fanka na ɗinke shi. Abin da ya rage na Japan a nan bai kai nawa ba. Ka san me ya sa bugun yake sauri in halittun sun ragu? Mutane sun ɗauka dabara ce. Rauni ne. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, in sun yi yawa nauyi yake mata, in sun ragu sai ta samu sarari ta ruga. Ni na gaya wa Bakri haka, ya yi ta dariya ya ce ashe mu da shi duk ɗaya ne."

"Me ya sa ba ka roƙa ba?"

"Wa zan roƙa? Wanda zai ba ni bai san ni ba yanzu. Yaron kuwa ya ce maganar gida ce. Ban yi aure ba, ban gina gida ba, ban haifa ba. Na duba duk abin da na yi a ƙasar nan, na ga shi ke nan abin da zan iya ɗauka in tafi da shi. Na ce kafin a kai shi ɗakin wani mai kuɗi a rufe, gara ni. Na sa masa sabon don kada ya rasa abin yi da La'asar. Na ɗauka ba zai gane ba."

"Ya gane tun bugun farko. Tun ran Talata bai sake zama a gabansa ba."

Tsohon ya rufe fuska da tafukansa.

"Akwai kuma wata," in ji Zubair. "Jibril ake tuhuma. Yau bayan Juma'a za a kira masa shurɗa."

Ɗan'inna ya sauke hannuwan da sauri. "Jibril? Yaron da yake tsayawa ya rage mini hanya? Innalillahi. Wallahi ban sani ba." Ya fara naɗe fanel ɗin. "Tashi mu tafi. Ɗauko mini jakar kayan aikin can."

Bayan an sauko daga Juma'a suka taru a majalisi. Ɗan'inna bai jira an tambaye shi ba, ya ajiye ƙunshin a gaban Abdulazeez ya ce shi ne, in za a kira shurɗa a kira masa. Abdulazeez ya ɗauko waya. Radiyya ta yi magana daga bakin ƙofa, da Larabci, a hankali, ta ce in ya danna lambar nan to ya nemi wata yayar. Ta ce kuma muddin Baba yana numfashi injin ba ya fita daga gidan nan. Ya juya wayar a hannunsa, ya mayar da ita aljihu.

Aka kira Jibril. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu ya nemi gafara. Jibril ya ce shi ya yafe masa har ga Allah. Abdulazeez ya miƙo mukullin mota yana cewa ma'alesh, a yi haƙuri, kuskure ne. Jibril ya karɓa, ya ce zai ci gaba da kai Baba asibiti har a sami wani, daga nan a sallame shi. Bai ƙara ko kalma ba ya fita.

Ɗan'inna ya durƙusa a bayan injin, Zubair yana riƙe masa fitila. Bai yi gaggawa ba. Ya cire sabon fanel ɗin, ya mayar da kowace waya mazauninta, ya ɗaure. Ana kiran La'asar ya danna wuta, bugun ya cika ɗakin, mai nauyi, har ana jin sa a ƙafa.

Bayan salla Radiyya ta turo mahaifinta a keke. Baba Bakri ya karkata kai ya saurara, fuskarsa ta saki. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan madanni, ya yi harbi biyu, halittun suka sauko suka cinye shi. Ya yi dariya, ya bugi katakon. Sannan ya lura da mutumin da yake tattara kayan aiki a gefe.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne."

"Allah ya yi maka albarka, hannunka yana da kyau. Radiyya, a ba bawan Allah shayi." Ya ƙura masa ido, kamar yana laluben wani abu. "Kai ɗan ina ne? Ko ka san wani Ɗan'inna, mai gyaran rediyo? Shi yake duba mini shi da. Ya daɗe bai zo ba, ban san laifin da na yi masa ba."

Radiyya ta juya ta fuskanci bango. Ɗan'inna ya zuge jakarsa a hankali.

"Na san shi. Ba ka yi masa komai ba. Tafiya ce ta kama shi."

"To in ka gan shi ka ce ina nan ina jira."

"Zan gaya masa."

Bai tsaya shan shayin ba. Zubair ya bi shi waje ya ce zai mayar da shi Jurf. Tsohon ya ce a'a, ya sauke shi a Harami kawai, yana so ya yi Magariba a can, ya leƙa maƙabartar Baƙi'a ya yi wa mahaifiyarsa sallama. Ranar Lahadi da safe Zubair ne ya kai shi filin jirgi, shi kaɗai ya raka shi.